Dambun mutum biyar, ni kaɗai

Ku da kuka daɗe a wurin aiki, me sabon zuwa ya tsare muku?

Satin nan na fara aiki a wani kamfanin gurzar auduga a Funtuwa. Kafin in hau babur daga Maska, Inna ta cika mini kula da dambu na mutum biyar, wai in ci da abokan aiki mu saba.

Bayan azahar na buɗe kula a inuwar sito, na ce, "Bismillah, jama'a." Kowa ya ce alhamdulillah. Suka zagaye tirensu na shinkafa da wake, babu wanda ya matsa mini. Wani ma ya ce, "Ku ƙyale Farfesa, shi littafi yake ci." Don kawai sun ga littafi a aljihuna.

Na zauna na yi ta tura dambu har cikina ya ɗaure, don kada kular ta koma gida da saura.

Da yamma Inna ta buɗe ta leƙa.

"Sun cinye tas?"

"Tas, Inna."

"Ba na gaya maka ba? Gobe sai in ƙara musu zogale."

Yanzu haka tana tsakar gida tana tsinkar zogale saboda mutanen da ko sunana ba su tambaya ba.

Na san wasunku na karanta wannan. Ɗayanku ya fito nan a gaban kowa ya faɗa mini: gobe in na buɗe kular nan, wa zai sa hannu?