Inna Zaliha Mai Wankin Bandeji

Kafin majo, shugaban masu jinya, ya buɗe ƙofa, Inna Zaliha ta riga ta jawo ruwa tulu huɗu, ta dafa bandejin jiya ta shanya. Shekara ashirin da biyu ke nan tana wannan aiki a wani ƙaramin gidan likita na arewacin Adar. A takarda mai wanki ce da shara. Amma ta tashi cikin makiyaya, tana jin Tamashek, harshen Buzaye, kamar Hausa, Faransanci kuwa a kunne ta tsince shi. Duk wanda ya zo bai san abin da ake faɗa masa ba, wurinta yake dosa.

Ina kwance can da ciwon shawara, shekara uku bayan samun mulkin kai, na ga abin da zan faɗa.

Wata makiyayiya, Tanna, ta kawo mijinta bisa raƙuma, maciji ya sare shi. Aka yi masa allura ya tashi. Ranar sallama sai Illa, mai riƙon makullin ɗakin magani, ya miƙa mata takarda ya ce jikka biyu. Ba ta da ko dala. Ya sa aka ɗaure raƙumar a gindin aduwa, ya ce sai an biya. Nonon raƙumar nan ne abincin ƴaƴanta uku.

Inna ba ta karatu, amma ita ta share kwalin da allurar ta zo ciki, kuma ta ji majo ya ce kyautar gwamnati ce. Ta sami Illa a keɓe.

"Ɗana, saki dabbar mutane."

"Inna, tsaya ga tsintsiyarki. Kin san ko ɗan wa nike?"

Ta sani. Ɗan manyan gari ne, ta kuma san kalma ɗaya daga gidansu ta isa ta raba ta da aiki. Majo ma ya kau da kai. Kwana biyu tana kai wa raƙumar ruwa. Ran nan lokotoro, babban likita, ya iso daga Tawa rangadi. Yana tsakiyar duba mu sai ta ajiye tsintsiya, ta riƙo hannun Tanna ta tsaya gabansa.

"Ranka shi daɗe, karanta muna takardar ga da ƙarfi. Ni in juya mata da Tamashek, ta ji mi ta saya."

Ya karanta, ya sake karantawa. Ya tambayi Illa ina aka rubuta wannan farashi. Illa ya shiga kame-kame. Kafin azahar an kwance raƙuma, an karɓe makulli.

Inna, ke ce wadda aka dakatar wata huɗu bayan haka, wai kin yi rashin ladabi gaban babba. Kika koma dakau a gidajen mutane, ba ki nemi kowa ya roƙa miki ba. Da aka maido ki, abu ɗaya kika nema: a riƙa faɗa wa kowa, da harshensa, abin da ke kyauta da abin da ake biya. Har yau ana yi. Wani mahauci, Ciɗo, ya shaida mini ranar da za a yi masa aiki ke kika ƙi danne shi sai da aka gaya masa yatsa za a yanke, kuma ya ce ya yarda.

Bana gwiwa ta ƙi, Inna za ta koma Bambeye wurin ƙanenta. Na je yi mata godiya, ta ce, "Malam, ni mi na yi? Tambaya kawai na yi."

Mun gode, Inna, Allah ya saka miki da alheri. Mu kuma da muka rage, idan muka ga an miƙa wa mara lafiya takarda ya tsaya yana jujjuya ta, kada mu wuce. Mu matsa kusa, mu ce a karanta.