Ranar da Baba Mu-je Ya Hau Keke

Kullum kafin rana ta fito, Baba yana bakin ƙofa yana ɗaure igiyar takalmi. Shayi a tsaye yake shansa. Ya rataya tsohon tawul a kafaɗa, ya kama hanyar filin golf a ƙasa, ba ya jiran bas. In ya isa, ba ɗakin 'yan jaka yake fara shiga ba. Sai ya leƙa ramin farko, ya durƙusa, ya shafa ciyawa don ya ji yawan raɓar da ta sha. Haka na taso na gan shi. Aikinsa ɗaukar jakar sanduna ne, yana bin mai wasa a ƙafa daga rami zuwa rami har a gama zagaye. A filin ba mai kiran sunansa. Baba Mu-je suke ce masa, don da an buga ƙwallo maganarsa ɗaya ce: "Mu je, akwai na baya."

Watan jiya ya ajiye jaka. Gwiwa ta ƙi. 'Yan jaka suka ce a yi rubutu a kansa, suka ce ni zan yi tunda ni ne ɗansa. Na ce a ba Dogo, yaronsa na wurin aiki, ai shi ne ɗan gaban goshi. Suka ce Dogo ba ya shiri da biro. To, ga shi.

Ni ma a filin nake aiki, amma a rumfar kekuna, waɗannan ƙananan motocin batir da ke ɗaukar 'yan wasa. Ina wanke su, ina sa musu caji, ina tuƙa wanda ya nema. Baba bai taɓa hawa ko ɗaya ba. Ko jingina da su ba ya yi.

Mun taɓa yin gardama a tsakar gida.

"Baba, keke ya fi sauri. Ido ma ya gani."

"Yana gudu dai," ya ce. "Amma mutum biyu yake ɗauka. Ƙwallon wannan ya yi gabas, na wancan ya yi yamma. Ka kai wannan, ka jira shi, ka kai wancan, ya ce ya manto sanda. Mai ƙafa kuwa kowa ya nufi ƙwallonsa."

"Tsofaffi fa? Da masu ciwo?"

"Su hau, Allah ya ba su lafiya. Ni ƙafata ƙalau."

Daga nan ya ja bakinsa. A gida haka yake. "Ka ci abinci?" "Rufe ƙofa." Umma takan ce, "Babanku ya ƙarar da maganarsa a kan ciyawa, mu sai ragowar tukunya." Ita dariya take yi. Ni ba na yi, don na san inda maganar take zuwa. Daga rumfata ina hango bayansu, shi da Dogo, suna nausawa cikin fili kafaɗa da kafaɗa, hannun Baba yana nuna wannan yana nuna wancan. Dogo maraya ne da ya zo neman aiki ba ya ma iya rataya jaka daidai. Baba ya koya masa komai. "Ɗana" yake ce masa. Ni kuwa "kai".

Amma ba don in yi ƙorafi aka ba ni biro ba. Ga abin da mutane suka gani da idonsu.

Mai sakin 'yan wasa a ramin farko ya ce tun da ya kama aiki ba a taɓa kawo masa ƙarar cewa rukunin Baba ya tsare hanya ba. Kafin mai wasa ya iso ƙwallonsa, Baba ya riga ya zaro sandar da ta dace. Ba ya shiga gaban mutum, ba ya barin inuwarsa ta faɗa kan hanyar ƙwallo, ko tari ya zo masa ana shirin bugu sai ya haɗiye. Masu gyaran fili sun ce ciyawar da sandar wani ta yago ma in ya gani sai ya mayar ya danne, kuma ba ya barin sawun ƙafa a cikin yashi, nasa ko na wani.

Akwai wani likita da aka yi wa aikin zuciya, aka ce ya riƙa tafiya. Ya dawo fili yana jan ƙafa, kuma mutum ne mai jin kunyar a ce ya gaza. Baba ya ɗauki jakarsa. Duk lokacin da ya hango na baya sun matso, sai ya ce, "Likita, ni dai na gaji, mu ɗan sha iska a gindin bishiyar nan." Yana faɗa yana kaɗa tawul ta bayansa, alamar su wuce. Likita ya daɗe yana tausaya wa tsoho mai saurin gajiya. Sai da ya warke sarai wani ya gaya masa. Da bakinsa ya ba ni labarin, yana share ido.

Na ukun ni na gani. Wani ɗan kwangila ya watsa ƙwallo cikin dogayen ciyayi, Dogo ya nema bai gani ba, mutumin ya hau zagi, har da uwa. Ina zaune a keke kusa da su. Baba ya taho daga ɗaya gefen, ya tsaya tsakaninsu, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na koya masa. In akwai saura, ni za ka zuba wa. Amma mu yi muna tafiya, akwai na baya." Mutumin ya juya ya kama hanya. An sha zagina a kan keke, ban taɓa ganin wani ya tsaya a gabana haka ba.

Kai ne, Baba, mai tare wa ɗan wani zagi. Kai ne mai gajiyar ƙarya don kada marar lafiya ya ji kunya. Na yarda. Ina dai so a san ina kallo.

'Yan jaka suna da wata ƙa'ida tasu. Ranar da mutum zai bar aiki, shi zai buga zagaye kamar ɗan kulob, kuma shi zai zaɓi mai ɗaukar masa jaka. Da aka sa ranar Baba, na wanke takalmin tafiya na tura ƙarƙashin gado. Ban gaya wa kowa ba. Umma ta gani wajen shara, ta ce, "Kai kuma, mai keke, ina za ka da wannan?" Na ce ba ko'ina.

Da safen, a ɗakin 'yan jaka, Baba ya cire tawul ɗinsa ya jefa wa Dogo, alamar shi ya zaɓa. Aka yi tafi. Dogo ya durƙusa yana kuka. Na koma rumfa na ci gaba da jona batir.

Manaja ya ce in bi su da keke ko za a buƙata. Baba ya ji, ya ce, "Kada in ga abin nan kusa da ni." Sai na riƙa binsu daga nesa, a kan hanyar kekuna, kamar wanda ya zo kallo ba a gayyace shi ba. Da fari lafiya lau. Yana bugu, ana shewa, yana wa Dogo raɗa, suna dariya. Amma na lura yana ɗingishi, kuma takun yana ƙara gajarta.

Bayan rabin zagaye akwai rami mai hawan tudu. A tsakiyar hawan gwiwar ta lanƙwashe. Ya dafa sanda, ya tsaya. Ya gwada, ya sake tsayawa. Likita, wanda yake cikin masu raka shi, ya ce, "Baba, ba gaggawa, yau ranarka ce." Dogo ya ce, "Baba, hau bayana, wallahi zan kai ka." Baba ya ce, "Ga jaka ga ni? Jaki ne kai?"

Sai ya juya ya dubi baya. Ni ma na juya. Mutane sun taru. Wasu mata suna tsaye a wurin bugun farko na ramin, riƙe da sanduna. Bayansu wasu baƙi da ba su ma san wane ne shi ba, suna duba agogo. Bayansu kuma wasu. Da rukuni ɗaya ne, da ya kaɗa musu hannu su wuce. Amma filin gaba ɗaya ne ya tsaya saboda shi. Ko ya haƙura da zagayen da ya jira duk rayuwarsa, ko ya tsare bayin Allah a rana, ko ya yi abin da ya ce ba zai taɓa yi ba.

Ya ɗaga hannu. "Kai! Kawo abin naka."

Na kawo. Ya hau yana cije leɓe, ya riƙe ƙarfen gaba da hannu biyu kamar wanda aka ɗora a kwalekwale. Wasu 'yan jaka suka fara ihu, "Baba Mu-je a keke! A ɗauki hoto!" Bai kula su ba. Dogo ya zo zai ɗora jaka a baya, Baba ya ce, "A'a. Jaka taka ce. Biyo mu."

Na taka. Ya ce, "A hankali!"

Na ce, "Baba, akwai na baya."

Ya harare ni, sannan ya tuntsire da dariya. "To taka mana, ɗan nema."

Daga nan har ramin ƙarshe bakinsa bai rufu ba, kuma ni kaɗai ne a kusa. Tsaya nan, kada ƙarar keke ta dami mai bugu. Kada ka taka can, ƙasan da ruwa. Ka ga yadda tutar ramin take kaɗawa? Iskar sama daban da ta ƙasa. Waccan bishiyar, shekarar da aka haife ka aka dasa ta, ni na riƙa ba ta ruwa. Ashe abin da suke faɗa ke nan a duk shekarun nan. Na waiga na ga Dogo yana sassarfa da jaka, gumi sharkaf, yana kallonmu. Na san wannan kallon. Irin nawa ne. Ban rage gudu ba.

Tazarar da ke gabanmu ta rufe, na baya suka samu hanya, Baba ya sa ƙwallonsa a ramin ƙarshe.

Baba, kai ne ka fi kowa ƙin keke a filin nan, kuma kai ne ka hau shi a gaban yaranka suna dariya, don kada baƙon da bai san ka ba ya tsaya a rana. Na gode. 'Yan jaka sun gode, masu kekuna ma sun gode. Allah ya sauƙaƙa gwiwa. Ku kuma masu shigowa filin nan, mai ƙafa da mai keke, ku daina musun wa ya fi wa. Ku zaro sanda da wuri, ku yi shiru in wani zai buga, ku gyara inda kuka ɓata, ku riƙa waiwaye. Abin da tsohon ya yi ke nan har ƙafarsa ta ƙare.

Tawul yana wurin Dogo. Kullum ina ganinsa a kafaɗarsa, kuma har yau ba ya mini daɗi. Amma ranar Litinin, da fili ba mutane, Baba yakan zo da sandar dogarawa, ya wuce ɗakin 'yan jaka, ya shigo rumfata. Ya zauna a kujerar gefen direba, ya riƙe ƙarfe da hannu biyu.

"Kai," ya ce. "Mu je."