Kwabon Da Ya Zo Babu Huji

Da na yi ritaya daga koyarwa sai hannuna ya rasa abin yi, na faɗa tara tsofaffin kuɗi. Matata ta ce wasu in sun ajiye aiki kaji suke kiwo, ni kuma na zaɓi kiwon abin da ba ya ƙwai. Gaskiya kuwa ta faɗa.

Wanda ya koya mini wani dattijo ne Ibo mai gyaran agogo a unguwar Liman Abaji, ya fi shekara talatin yana tarawa. Shi ya gaya mini injin buga kuɗi kan yi kuskure jefi-jefi, kuma irin waɗannan masu tarawa suka fi nema. Daga ranar duk abin da na gani kuskure ne. Na kai masa sule da fuskarsa ta shafe, ya ce hannu ne. Na kai kwabon da hujinsa ya yi tsawo, ya ce igiyar da aka zarga masa ce ta ci shi. Na kai sisi mai lotsattsen gefe, ko gilashinsa bai ɗauka ba ya ce guduma.

"Ticha, ka cika gaggawa," in ji shi. "Inji sau ɗaya yake bugawa. In ya yi kuskure, sauran jikin kuɗin na nan garau. Hannun mutane kuwa tudu yake fara ci, ya bar kwari. In kuma ƙarfe ne ya ji masa ciwo, za ka ga inda naman ya turu gefe."

Na ji haushi, don ni na saba gyara wa mutane. Amma na riƙe.

A daminar nan rufin gidanmu na gado a Gangaren Tudu ya fara yoyo, muka kira kafinta ya cire tsohon kwano. Mutanen da, bayan an canja kuɗi, kwabo mai huji suke sawa ƙarƙashin kan ƙusa don kada ta yaga kwanon. Kafinta ya san halina, ya tara mini su a gwangwani. Ina juya su sai na ga ɗaya da tsakiyarsa a cike, ba komai sai ɗan ramin ƙusa. Nan take na gane shi.

Yayata ce ta karɓe shi. Tana da kamar shekara goma sha biyu, tana sayar wa Mama ƙosai a ƙofar gida, wani baƙo ya ba ta kwabo marar huji. Baba ya duba ya ce jabu ne, ya kwaɗa mata mari a gaban masu saye, ya ce ko makaho ya san kwabo da hujinsa. Daga baya ya buga shi a rufin kicin. Marin ya wuce, sunan bai wuce ba. Mai jabu muke ce mata, kuma ni na fi kowa baki. Har yau in an yi taron iyali ba a ba ta riƙon ko sisi, jikoki ma suna kiranta da sunan ba su san mafarinsa ba. Ita kuma in aka ba ta canji sai ta miƙa wa na kusa ya duba mata.

Na kai wa mai agogo. Wannan karon ya ɗauki gilashi. Ya daɗe. Ya jera shi da wani kwabon, tauraro ɗaya, rubutu ɗaya, kaifi ɗaya. Ya ce jabu narkawa ake yi a zuba, jikinsa kan yi ƙuraje, wannan kuwa bugu ne. Ya ɗora su a ƙaramin sikeli, nawa ya ɗan rinjaya, daidai ƙarfen da ba a cire ba. Sannan ya juya bayan, ya nuna mini inda ƙusa ta turo ƙarfe waje.

"Wannan na gaske ne, Ticha. Inji ya manta bai huda ba. Ni ban taɓa riƙe irinsa ba. Wane ne ya buga masa ƙusa?"

Na ce babana. Ya ce to ƙusar ta kashe kuɗinsa, ba mai saye da daraja. Ban damu da wannan ba. Kunya ce ta rufe ni.

Washegari na hau mashin zuwa Jigwada. Na tarar da Yaya tana ɓarar gyaɗa, idonta ya yi rauni yanzu. Na sa mata kwabon a tafi, na kwashe bayanin inji da sikeli na zuba mata kamar ina aji. Ta shafa shi da babban yatsa, ta tsaya a kan ramin ƙusar.

"Ai na sani," ta ce. "Na jefa shi a kan dutsen niƙa kafin in ba mutumin ƙosai. Ƙararsa ɗaya da sauran."

"Yaya, me ya hana ki faɗa?"

"Wa ya tambaye ni? Kai dariya kake yi."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun tuni, amma ba ni kaɗai na yi dariyar ba. Na miƙa hannu in karɓi kwabon in sa cikin tarina, ta ƙulle shi a bakin zaninta.

"Ranar Kirsimeti kowa zai zo," in ji ta. "Ka taho da mutumin nan da sikelinsa."