Sista Mai Tsoron Allura

Babanmu a masaƙar Kakuri ya ƙare ƙuruciyarsa, ƙurar auduga ta cinye masa ƙirji. Likita bai ɓoye mana ba: mura mai zazzaɓi in ta kama shi, da wuya ya tashi. Ga damina ta kankama, ga matata da tsohon ciki, shi kuma ba shi da zance sai na ganin jikansa na fari.

Mai duba shi maƙwabciyarmu ce, wata nas 'yar Filato, kowa Sista yake ce mata. Kafin ta hau keke napep zuwa aiki sai ta leƙo ta auna shi. A asibitinsu dariya ake yi wa rigakafin mura. Abokan aikinta cewa suke, mura ai farfesu mai yaji take so, kuma nas ta ƙwarai ko hanci na zuba sai ta zo aiki. Ita kaɗai ta ce sai an yi mata.

Abin mamaki, matar da ke tsira wa mutane allura wuni guda, tsoronta take kamar me! Ni ta ja na raka ta wajen rigakafin. Ta damƙe hannuna, ta runtse ido tana kiran Yesu, mai yin allurar na ƙyaƙyata dariya.

Na ce, "Haba Sista, girma ya faɗi!"

Ta ce, "Ya faɗi ɗin, ƙanena. Tarin mutane nake shaƙa a wajen aiki, daga can kuma ɗakin Baba nake shiga. Miƙo naka hannun."

Na ƙi. Ni da taurin kai, na ce ƙato kamata ba ya allurar mura. Da muka koma gida, wallahi matar nan ta kafa kujera a ƙofar ɗakin ubana ta hana ni shiga! Na yi masifa har maƙwabta suka fito, ko gezau. Da fushina na je aka yi mini, ƙannena suka biyo baya, Baba ma aka kai shi. Har yau in na tuna ta, girmanta nake gani.

Mura ta zagaye layinmu a daminar nan, ta kwantar da manya da yara, ba ta shiga ɗakin Baba ba. Da matata ta sauka, na miƙa masa jaririyar. Muryarsa da ƙyar take fita, yana yi yana hutawa, amma shi ya yi mata huɗuba a kunne har ƙarshe.