Kujerun Baƙin Mai da Aka Kasa Zama a Kansu

Shekarun baya, lokacin da autan gidanmu ya gama karatun zane-zane a Kano ya dawo Rano, ya zo mana da wata ɗabi'a da ta ɗaure wa kowa kai. Baƙin mai yake tarawa, wannan dai da bakanike ke tsiyayewa daga injin babur ya watsar a kwata. Da hantsi sai ya ɗauki jarka ya bi rumfunan kanikawa na bakin tasha. Abokina bakanike, wanda muka yi makarantar allo tare, in ya hango shi sai ya ɗaga murya ya ce, "Ɗan boko, yau ma miyar za a kaɗa? A zubo mana mu ma!"

Auta kuwa jarkarsa kawai yake cikawa. Sai ya dawo gida ya tace man da tsumma, ya bar shi ya kwanta, ya sake tacewa. Da na tambaye shi, ya ce, "Yaya Malam, ba da shi ake shafa wa azara don kada gara ta ci ba? Ni kyansa na gani. Kuma duk tafiyar da baburan garin nan suka yi tana cikinsa, ta Saji, ta Kibiya, ta kasuwa, ta asibiti."

Kujeru ya ƙudura yi, irin 'yar tsugunnen da mata ke zama a kai a tsakar gida, amma mai faɗin kai. Wani masassaƙi a Lausu ya sassaƙa masa su da icen aduwa, fari sumul. Shi kuma ya riƙa shafa musu man, ya shanya a rana, ya sake shafawa, a ƙarshe ya goge da kakin zuma don kada ya ɓata wa mutum riga. In ya gama, baƙin yakan yi wani zurfi, har ka hangi fuskarka dishi-dishi a ciki.

Baffanmu, wanda yake riƙe da mu tun rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bai ga komai ba sai ɗan da aka kashe wa kuɗin makaranta yana yawo da jarkar datti. Baffa mai motocin haya ne. Ya sayo sabuwar adaidaita sahu ya ajiye a ƙofar gida, ko ledar kujerunta ba a cire ba. Ya ce wa Auta, "Na ba ka zuwa kaka. In wannan kwaɓar taka ta zama sana'a, alhamdu lillahi. In ba ta zama ba, ga makulli." Wata Hajiya mai shagon kayan adon gida a Kano ta riga ta ga hoton kujera ɗaya mai rubutu a kai, ta ce in ya kawo mata wasu tare da hotunan mutanen gida suna amfani da su, za ta ba shi kusurwa a shagonta. A kan wannan alƙawari rayuwarsa ta rataya a lokacin.

Ni kuma ga inda na shigo. Ban yi boko mai nisa ba, amma hannuna ya faɗa a ajami, har waƙoƙi nake rubutawa da shi. Auta ya gano cewa in aka yi rubutu da ruwan ƙaro mai kauri a kan icen kafin a shafa mai, man ba ya ratsa wurin. In an wanke ƙaron daga baya, sai baƙaƙen su fito farare tas a tsakiyar baƙin. Ya roƙe ni in rubuta masa. Na gindaya sharaɗi, ba aya, ba sunan Allah, ko bisimillar da hannuna ya saba farawa da ita ba zan sa ba. Hausa zalla na rubuta. "Sannu da zuwa." "Zauna ka huta, baƙo." "Ruwa na tafe." Da muka wanke ta farko rubutun ya bayyana, ba zan ɓoye muku ba, kaina ya ɗan kumbura. Na riƙa zagaya ta ina gyaran murya kamar ni na ƙirƙiro icen.

Ranar da za a ɗauki hoto, Auta ya jera su a tsakar gida da safe, muka fita kiran maƙwabta. Da muka dawo da mutane, babu kujera ko ɗaya. Mahaifiyata ta sa an kwashe su an ɗora a kan kantar ɗakinta, can sama, ta lulluɓe da farin mayafi.

Ta ce, "Wane ne ya zubar da alluna a ƙasa, kaji na bi ta kai?"

Auta ya ce, "Inna, kujeru ne fa."

"Kujera da rubutu? Icen aduwa ne, ga baƙaƙe a kai. Ni ban tsufa da ido ba."

Sai na matso, a matsayina na malamin gida. Na ce, "Inna, ba Alƙur'ani ba ne, Hausa ce. Nan cewa aka yi zauna ka huta."

Ta ce, "Da waɗanne baƙaƙe aka rubuta?"

Na ce, "Da waɗanda kika sani."

Ta ce, "To."

Da ƙyar muka lallaɓa aka sauko da su. Amma maƙwabta suka tsaya cirko-cirko, kowa na kallon na kusa da shi. Abokina bakanike, mutumin da ko a kan tsohon batir zama yake ya ci tuwo, ya sosa ƙeya ya ce, "Malam, ni fa ko takardar da aka ƙunshe ƙosai na gani da irin rubutun nan, ɗauka nake in soke a katanga. Kai ka rubuta, kai ka fara."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na tattare riga, na juya wa kujerar baya, na fara sunkuyawa. Wallahi ina zuwa rabi gwiwoyina suka ƙi. Na san abin da na rubuta, da hannuna na rubuta shi, na san babu aya a ciki. Amma tun ina ɗan ƙarami ban taɓa tsallake allo ba, balle in zauna a kai, kuma jikina bai yarda da bayanin da bakina ya gama yi wa Inna ba. Na tsaya a haka, ba a tsaye ba, ba a zaune ba, kamar mai ciwon ƙugu.

Auta yana riƙe da waya, ya ce, "Yaya, ƙarasa mana."

Na miƙe na ce, "Auta, ka yi haƙuri. Ba zan iya ba."

Aka kwashe da dariya, har Inna. Auta kaɗai bai yi ba. Baffa yana daga bakin zaure, makullin nan kawai yake jujjuyawa a yatsa.

Da mutane suka watse, Auta ya ɗauko tsumma ya tsoma a mai, ya ce zai shafe rubutun kowa ya huta. Shafa ɗaya za ta isa ta rufe shi. Ya ɗaga hannu ke nan Inna ta ce, a hankali, "Ko ka rufe, ni na san yana ƙarƙashi." Ya daɗe riƙe da tsumman man na ɗiga a ƙasa. Shi ma ya san Hajiyar Kano don rubutun ta ce a kawo. Ya yar da tsumman. Inna ta sa aka mayar da su kan kanta, wannan karon a jingine da bango, fuskokinsu na kallon ƙofa.

Bayan la'asar na leƙa ɗakin Inna na sami Auta zaune a ƙasa ya ɗaga kai. Rana ta karkato ta ƙofa tana dukan baƙin, fararen baƙaƙen sun fito kamar a kan ruwan rijiya aka rubuta su. A ƙasa ba su taɓa yin kyau haka ba. Bai juyo ba ya ce, "Yaya, aro mini zarto."

Ya yanke musu ƙafafu duka. Kawunan, da suka koma kamar faya-fayai, ya sa musu ƙugiya ya rataye a bango, ƙafafun kuma ya mayar da su maratayin hula. Washegari ya ɗauki hoton Inna da maƙwabta zaune a tabarma suna shan fura, faya-fayan nan baƙaƙe na sheƙi a saman kawunansu. Ba wanda aka roƙa, kowa da kansa ya zo ya zauna. Da ya kira Hajiyar, ta ce, "Kujeru fa muka yi da kai." Ya ce ta dai duba hotunan. Ba a jima ba ta kira ta ce ya kawo duka.

A cikin adaidaitar nan aka kai su tasha, wani yaron Baffa ke tuƙi. Baffa da kansa ya tsaya a kan lodin, yana cewa, "Kai, kada ka sa su inda ake taka ƙafa. Ɗora a kan kujera."

Yau Auta yana da wurin aikinsa, kanikawan da ke yi masa ba'a su ke tara masa mai a jarka. Yana yin kujerun zama ma, amma babu ko ɗigo a kansu.

Nakan tuna wannan abu in na ji kaina ina yi wa mutane dogon bayani. Na ɗauka tunda na san ma'anar rubutu, na fi Inna sanin matsayinsa. Ashe tarbiyya ɗaya aka yi mana, ita dai ba ta tsaya musu da tata ba. Ban ce wanda ya zauna ya yi laifi ba, Allah ne masani. Na dai san gwiwoyina.

Ɗaya daga cikin faya-fayan yana nan a ɗakin Inna har gobe, can sama da ƙofa. In baƙo ya shigo ya iya ajami, sai ya ɗaga kai ya karanta, "Zauna ka huta, baƙo." Sai ya cire takalmi ya zauna a tabarma.