Jif ɗina ta kai Baba kufan garinsu

Mun tashi da asuba daga Katsina, ni da abokina da kuma mahaifina, wanda ya riga mu shiga mota ya zauna a gaba da sandarsa tsakanin ƙafafu. Asali tafiyar ba da shi aka shirya ta ba. Ni da abokin nan mun saba fita daji mu kafa tanti mu kwana, sai rashin tsaro ya hana mu shekaru. Da al'amura suka ɗan lafa a bana na fito da tsohuwar jif ɗina na fara gyara. Baba ya gan ni ƙarƙashinta ya tambayi inda za ni. Na ce wajen Safana. Sai ya ce, "To ka kai ni kufanmu na bayan Zakka. Ina so in tsaya kan kabarin iyayena tun ƙafa na ɗaukata."

Daga nan shiri ya sake kama. Bakanike ya duba birki, ya sauya baƙin mai, ya wanke lagireto, ya gwada giyar da ke sa ƙafafu huɗu su ja tare, wadda ta daɗe ba a taɓa ta ba har ta cije. Na ƙara safaya ta biyu, da jak, da famfon taya, da igiyar ja, da shebur, da wasu faffaɗan katakai. Jarkokin ruwa na ɗaure su a ƙasa don kada su yi ta rawa, na mai kuwa a saman mota, nesa da tukunyar gas. Sai tanti, katifa, gidan sauro, da magungunan hawan jinin Baba a aljihun gaba. Abin da ya fi duka, na yi ta waya da wani ɗan'uwanmu a Zakka, har ya tabbatar mini mai unguwa ya san da zuwanmu, kuma manoma na shiga wajen suna fita lafiya.

A Batsari muka karya da shayi da ƙosai mai zafi. Ranar kasuwa ce, babura ɗauke da buhunan sabon gero sun cika hanya, ana ta kukan tsadar mai. Mai faci ya ƙara mana iska, ya leƙa kayanmu ya ce, "Alhaji, ƙaura za ku yi ne?" Baba ya ce, "Tambayi ɗana, ni da tabarma kaɗai na fito."

Hanyar Safana kaka ta yi mata kyau. An yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai, mata na roron gyaɗa. Amma nan da can sai ka ga gona ta koma saura, ciyawa ta fi mutum tsawo. A shingayen jami'an tsaro mun sauka mun buɗe kaya, mun yi bayanin tantin fiye da sau ɗaya.

Bayan Zakka hanyar ta koma turbar shanu. Da muka iso wata busasshiyar ƙorama mai yashi, motar ta shiga da ƙarfinta, ta kai tsakiya ta zauna. Muka rage wa tayoyin iska, muka haƙe gabansu da shebur, muka shimfiɗa katakai. Na sa giyar nan na taka a hankali. Ta yi gurnani ta fita, abokina na biye da gudu da katakai a kafaɗa.

Kufan ya fi abin da na zata lalacewa. Katangu sun zube, tumfafiya ta fito a tsakar gidaje. Baba ya yi gabas ya dawo, ya yi kudu ya dawo, bai gane maƙabarta ba. Sai cewa yake akwai wata tsamiya a bakinta, amma ba mu ga tsamiya ba. Muna haka sai ga wani dattijon Bafulatani ya fito daga wata sabuwar bukka, ya kare ido da hannu yana kallonmu.

"Kai ne, ko idona ne ke mini gizo?" ya ce wa Baba.

Ashe tare suka yi kiwon awaki suna yara. Shi ma bana ya dawo da iyalinsa. Gaisuwarsu ta daɗe, rabinta tambayar waɗanda suka rasu. Sannan ya kama hannun Baba ya ce, "Tsamiyar da kake nema iska ta kayar da ita. Taho, ga kututturen." Muka sare ciyawar wurin. Baba ya durƙusa ya daɗe yana addu'a, mu kuma muna bayansa muna cewa amin.

Da la'asar muka kafa tanti kusa da bukkar. Abokina ya yi dafa-duka a kan gas, matar dattijon ta aiko da fura da nono mai kauri, dafa-dukarmu ta rasa mai ci. Baba ya leƙa tantin ya ce shi ba zai kwana a jaka ba. Dole muka ɗaura masa gidan sauro a jikin mota, kusa da tabarmar abokinsa.

Washegari da hantsi muka kamo hanya, muka iso gida kafin magariba lafiya lau. Na koyi cewa in za ka shiga daji, ka gyara motarka kamar ba mai taimakonka, amma kada ka taka sai mutanen wurin sun san da kai. Kuma in akwai tsoho a gidanku da ke ambaton wani wuri, kada ka ce sai baɗi.

Da na ɗauko tsintsiya zan share ƙasar da takalmanmu suka zuba a mota, Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kada ka watsar da ita a titi. Tara mini ita a kwano, ƙasar gidanmu ce."