Wawuda da Garkenta na Cikin Ruwa

A ƙauyen Mkunguni, inda kogi ke ratsa dajin mikoko, itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri, kafin ya faɗa teku, ba mai kiran Wawuda da sunanta. 'Yar Dutse ake ce mata, har jikokinta. A duwatsun Taita aka haife ta, ta tashi tana kora awakin babanta daga wannan gangare zuwa wancan, kuma ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce gwiwarta ba sai da Mwarandu ya aure ta. Shi masunci ne, yana kai busasshen kifi kasuwar Voi, a can suka haɗu. Ranar da ya kawo ta gida, ta ga ruwa yana hawowa shi kaɗai yana cinye yashin da aka taka ɗazu, ba hadari ba ruwan sama. Ta riƙe masa hannun riga, ta tambaye shi ko ba za a gudu ba.

Ƙanwar mijinta, Mwanakombo, ta yi shekaru tana ba da labarin wannan tambaya a gidajen biki. Ita sana'arta cire kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo. In ruwa ya janye takan shiga taɓo da adda, ta ɓamɓaro su daga saiwoyin mikoko, ta dawo hannuwa duk yanka. Ta taɓa buɗe guda da wuƙa ta miƙa wa Wawuda.

"Matar Yaya, buɗe baki."

"Mene ne wannan kamar majina a cikin dutse?"

"Naman teku ne. Ku can ai sai akuya ta faɗo daga dutse kuke ganin nama."

"To, bari in jira akuyar."

Haka ta zauna a bakin gaɓa tana renon 'ya'ya, tana soya kifi, tana noman rogo a bayan gida. Ruwa kuwa ita da shi sai kallo.

A kan idonta kogin ya lalace. Masu ƙona ɓawon kawa don yin farar ƙasa sun kwashe tudun ɓawon da ke ƙasan ruwa, mata kuma suna sare saiwa gaba ɗaya don sauri. Can sama aka shimfiɗa gonakin rake, ana zuba musu takin zamani, garin da ke gefen titi ya faɗaɗa, magudanansa duk suka miƙo kogi. Ruwa ya koma kore kamar miyar ganye. In zafi ya tsananta sai a wayi gari da ƙananan kifaye a kife, ciki sama, wari har cikin masallaci. Maza suka yi ta zance a inuwar kwakwa, wasu suka ce aljanun kogi ne suka yi fushi. Wawuda dai ta san launin nan. A garinsu akwai kududdufi a ƙasan turken shanu, duk damina haka yake zama.

"Ruwan nan ƙoshi ya yi," ta ce wa Mwarandu yana ɗinkin koma. "Taki ne ya yi masa yawa."

"To, likitan ruwa, sai a sa shi azumi?"

Ta ci gaba da ɓarar rogo.

Wata safiya Mwanakombo ta dawo daga taɓo da kawa cike da baho, ta ɗebo koren ruwan kogi ta zuba musu don kada su mutu kafin mai saye ya zo. Sai ga saƙo cewa 'yarta na naƙuda a ƙauyen gaba. Ta ajiye bahon a ƙofar Wawuda ta tafi ko takalmi babu. Da la'asar Wawuda ta zo kawar da shi daga rana, ta leƙa, ta tsaya. Ruwan ya zama garau, har tana ganin fentin da ya goge a gindin bahon. Ta tambayi yaran gida wa ya canza ruwan, kowa ya rantse bai taɓa ba.

Ta zubar da shi, ta je bakin kogi ta ɗebo wani koren, ta zuba, ta jawo kujera ta zauna. Da farko ba abin da ya motsa. Can sai kawa guda ta ɗan buɗe baki kamar mai gyangyaɗi, sai wata, sai wata. Ƙananan ɗigo-ɗigon da ke yawo a ruwan suka fara tafiya a hankali, layi-layi, suna shigewa tsakanin ɓawo. Wawuda ta manta da tukunyar da ke kan wuta. Abu ba ido, ba ƙafa, ba murya, amma ga shi yana kiwo. Ta yi kiwo tun tana ƙarama, ta san yadda dabba take in ta samu ciyawa, kuma abin da take gani ke nan a cikin baho. Kafin magariba ruwan ya sake washewa. Ta ɗaga ido ta dubi kogin, daga wannan gaɓa zuwa waccan duk kore.

"Allah mai iko," ta ce a hankali. "Ashe makiyaya ce, dabbobin ne babu."

Da Mwanakombo ta dawo da albishir na jika namiji, ta tarar da matar yayanta tana huda ƙoƙon kwakwa da tsofaffin ɓawon kawa, tana zura su a igiya kamar carbi. Mwanakombo ce ta taɓa gaya mata cewa 'ya'yan kawa yawo suke a ruwa, ido ba ya ganinsu, sai sun samu abu mai tauri su manne. To, Wawuda turke take yi musu. Mwarandu ya yi dariya har da tari, amma ya kafa mata rumfa a inda ruwa ke rufewa yana buɗewa, ita kuma ta shiga taɓo, tana addu'a tana riƙe da zanen Mwanakombo, ta rataye igiyoyinta. Bayan 'yan watanni ƙoƙunan suka yi ƙuraje farare kamar ƙumbar jariri.

Labari ya kai ga wata jami'ar kula da kamun kifi, Malama Zulekha, ta zo da kwalabenta ta ɗebi ruwa. Ta zauna da mata a kan tabarma ta yi musu bayani. Gansakukar da taki ke haifarwa ita ke shanye iskar da kifi ke rayuwa da ita in ta ruɓe, kawa kuwa abincinta ke nan. Sai dai rumfa ɗaya ba za ta yi komai ba, ana bukatar ɗaruruwa, kuma dole a rage abin da ke gangarowa daga sama. Ta ƙara da cewa waɗanda ke kusa da magudana ba na ci ba ne, ko kyauta kada a ba wa kowa.

"Wato mu yi kiwon abin da ba za mu ci ba?" in ji Mwanakombo.

"Jaki ma ai ba a cinsa," in ji Wawuda. "Waɗancan jakuna ne, na ƙasa kusa da teku su ne awaki."

Mata suka shigo, da farko 'yan kaɗan, daga baya har na ƙauyukan maƙwabta. Aka daina sare saiwa. Ɓawon da a da ake sayar wa masu farar ƙasa aka riƙa mayar da shi kogi. Malama Zulekha kuma ta yi ta zirga-zirga tsakanin masu rake da hukumar gari har aka tona tafkunan da ruwan gona ke kwanciya kafin ya sauko.

Sai aka yi wata damina mai ƙarfi. Kogi ya taho ja wur da jar ƙasa, ya kori ruwan gishiri, ya zauna a kan rumfunan kwana da kwanaki. Kawa ba ta rayuwa a ruwan daɗi, sai dai ta rufe bakinta ta jira. Wawuda ba ta iya cin abinci ba. Ranar da ruwa ya fara sauka ba ta jira kowa ba, ta shiga har ƙirji, ita da ke tsoron ya taɓa mata gwiwa. Igiyar farko duk baki a wangale, ba komai ciki sai wari. Ta biyu ma haka. Ta tsaya tana kuka ba sauti. Can ƙasa, wajen bakin teku, ta tarar da wasu a rufe gam, ta ƙwanƙwasa ta ji da nauyi. Tana nan tsaye ruwan teku ya fara hawowa, mai sanyi, ta ji shi a ƙafafunta ƙarƙashin jan ruwan. Sai guda ta buɗe ta feso ruwa, ta kusa da ita ma ta feso, har rumfar gaba ɗaya ta ɗauki wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas, kamar ana soya gyaɗa daga nesa. Duk tsawon kwanakin nan ba ci ba sha, suna cikin duhun ɓawonsu, kuma sun san lokacin da teku ya dawo. Wawuda ta ɗora tafinta a kansu, ba ta damu da yankan ba.

Fiye da rabi sun mutu a shekarar. Aka wanke ɓawon matattun, aka sake zurawa a igiya, 'ya'yan waɗanda suka tsira suka manne a kai.

Kogin bai koma yadda tsofaffi suka san shi ba. Can sama har yanzu kore ne in zafi ya yi. Amma reshen da ya bi ta Mkunguni ya washe sannu a hankali, warin ya tafi, jatan lande ya dawo. A lokacin Mwarandu ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani, ya daina fita su. Wani hantsi ya ce a kai shi kan ruwa, Wawuda ta zaunar da shi a kwale-kwale ta tuƙa da kanta.

"'Yar Dutse, me kike gani?"

"Ina ganin inuwar jirginmu a ƙasa."

"A ƙasa? Kada ki yi wa makaho ƙarya."

"Wallahi. Ga yashi, ga ciyawa doguwa tana kaɗawa. Ga ƙaguwa ta ɓuya. Ga wasu ƙananan kifaye masu zane baƙi da fari."

Ya sa hannu a ruwa. Ya faɗi sunan kifin, ya ce rabonsa da shi tun yana saurayi. Ta ci gaba da faɗa masa abin da ke wucewa, shi kuma yana ba kowanne suna, har ta ga wani abu mai faɗi kamar faifai ya taso daga cikin ciyawar, ya fito da kai, ya ja numfashi kusa da su. Mwarandu ya ji ƙarar, ya juyo da fuskarsa wajen.

"Kunkurun teku ne," ya ce. "Ɗaga filafilin, bar shi ya ci."

Ta ɗora filafilin a cinyarta. Ruwa ya yi ta jan su a hankali har rana ta yi zafi, sannan ta juya da su gida.